Ranar da Injiniya ya hau rufi

Ɗan kawuna tela ne, amma a layinmu ba mai kiransa tela. Injiniya ake ce masa, sunan da ni na laƙaba masa don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu har yana amsawa da ƙasaita.

Mutumin nan tun yana yaro idan ya ga abu a karkace ba ya iya cin abinci. Da ya yi aure ya samu gidan kansa, sai ciwon ya yi tsanani. Duk ƙarshen mako zai rufe shago ya bi gida lungu-lungu. Ya zura waya a rariya ya ciro gashi da ledoji, ya shafa wa bakin tukunyar gas kumfar sabulu ya tsugunna yana jiran ta yi ƙwai, alamar gas na zurarewa, ya ɗinke ragar taga da zare irin na bakin wando. Sauro idan ya zo gidansa sai ya yi sallama daga waje ya juya. Kyankyasai kuwa na ji an ce sun yi taro sun yafe masa gidan har abada. Idan ya kawo maka ziyara, kafin ku gama gaisawa ya taɓa soket ɗinka ya ce yana zafi, ya leƙa bayan randarka ya yi tsaki.

Abu ɗaya ne mutanen layi ba su sani ba. Injiniya yana tsoron sama. Ko kan benci ya hau, sai ya yi addu'ar tafiya. To wa ke share masa magudanar rufi kafin damina? Matarmu, wato matarsa. Sai ya kulle ƙofar gida, ya riƙe mata tsani ido a rufe, ta hau ta kwashe ganyaye ta sauko, shi kuma ya fito waje yana kakkaɓe riga yana cewa aikin sama sai mai zuciya. Na sani ne don wata rana sun manta da sakata, na faɗo gidan na same su a haka. Tun daga ranar ɗinkina ba ya kwana a shagonsa.

Bana sai ga matarmu da tsohon ciki, ko takalminta ba ta iya gani. Ruwan farko da aka yi, magudanar ta toshe, ruwa ya koma ƙarƙashin kwano ya jiƙa silin ɗin ɗakinta. Kusurwa guda ta yi baƙi da fumfuna, ɗakin yana warin danshi, ita kuma ta fara tari. A ɗakin nan jariri zai kwanta. Ta ce a kira mai gyara, ya ce ina zai sa fuskarsa, mutumin da ya yi shekaru yana yi wa maƙwabta wa'azin rufi. Ta ce to ita za ta lallaɓa ta hau, ya ce sai dai bayan ransa.

Ya aiko aka kira ni. Na ɗauka ni zai ce in hau, har na fara ɗingishi tun daga ƙofa. Ashe riƙon tsani kawai yake so.

"Ka riƙe da kyau, shaƙiyyi. In na faɗo a kanka zan faɗo."

"Hau abinka, yaya. In ka mutu keken ɗinki nawa ne, matarmu kuma sai a yi shawara."

Ya hau, tsani na rawa, haƙorana ma na rawa don taya shi. Da ya isa sai ya kwanta rubda-ciki kamar ƙadangare. Amma fa ya yi aikin. Ya kwashe ganyaye da ruɓaɓɓiyar ƙasa da wata tsohuwar sheƙar tsuntsu, ya ƙara ƙusa inda kwano ya ɗaga, ya liƙe huda da kwalta. Matarmu na daga ƙasa tana nuna masa wuri da muciya.

Saukowa ce ta gagara. Ya miƙo ƙafa baya, ta shafi iska, ya janye ta. Ya sake miƙowa, ya sake janyewa. Zufa na ɗiga daga haɓarsa har na nemi lema. Ana cikin haka tsohuwar da ke maƙwabtaka da su ta hango shi daga tsakar gidanta, ta ce tun da Allah ya kai shi sama, ɗan albarka ya duba mata nata rufin. Gidajen layin a manne suke. Injiniya ya ga hanya ce ta nesanta kansa da tsani, sai ya rarrafa yana bin layin ƙusa, ya share nata. Mai wanki ya leƙo ya roƙi nasa, ya ci gaba. Haka ya yi ta jan ciki gida bayan gida, mutane na tsaye a titi suna sa masa albarka, sun ɗauka zumunci ne. Ni kaɗai na san benen mai sayar da magani da ke ƙarshen layi yake nufa. Can ya dafa baranda ya mirgina ciki, ya ratsa falon mutane baƙi ƙirin da shi, ya sauko ta matakala yana riƙe da bango.

Ya kankare fumfunar, ya bar taga a buɗe ɗakin ya sha iska. Bayan kwanaki aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk indararon layin suka riƙa feshi, tsohuwa har da tara bokiti. Na ruga gidansu a jiƙe na same shi tsaye a kan kujera 'yar tsugunno, ya manna tafin hannu a silin yana jira. Ya shafa nan, ya shafa can, ya duba hannun. A bushe.

Matarmu na zaune bakin gado tana ninke kayan jariri, tarin ya lafa. Ta ɗago ta dube shi.

"Maigida, za ka iya saukowa, ko a je a aro maka bene?"