Hoton Baba a Falon Azzalumi

Sau ɗaya Baba ya taɓa zama gaban kyamara, shi ma don fasfon aikin Hajji ne. Ni na raka shi shagon wani mai hoto a Ƙofar Doka, ɗan maƙwabcinmu, wanda a zauren Baba ya yi saukar Alƙur'ani. Ya zaunar da shi kusa da taga, ya yi ta kai da komo kamar mai awon fili, kafin ya ɗauka. Hoton ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Mutumin yana da ido.

Da finafinan kaset suka shigo, sai ya rufe shagon ya koma shirya fim. Wata rana matata ta dawo daga gidan suna tana salati, wai ta ga Baba a talabijin. Na ari kaset ɗin na kalla a gidan abokina a Tudun Jukun. Labarin wani attajiri ne da ya cinye gadon marayu ya mutu. Ba a nuna shi da rai ko sau ɗaya, sai hotonsa a bangon falo. Hoton Baba ne, an ƙara masa girma. Duk sanda marayun suka fashe da kuka, kyamara sai ta matsa a hankali har cikin idonsa, uwarsu tana nuna shi da yatsa tana Allah ya isa.

Baba fa! Mutumin da duk unguwarmu shi ake kira rabon gado.

Na sami mai fim ɗin raina a ɓace. Ko kunya bai ji ba.

"Haba Yaya, ai wasa ne," in ji shi. "Na nemi ɗan wasa mai kwarjinin Malam na rasa. Ka duba fa, bai ce uffan ba, amma ya fi kowa iya wasa a fim ɗin."

Yabo yake yi, wai! Da ƙyar na riƙe hannuna.

Babu wanda ya fito ya ce Baba ya ci gado. Sai dai murmushi in ya wuce. Sannan wani gida da suka riga suka sa masa ranar rabo suka aiko cewa ya huta, kada su wahalar da shi. Wasu ma suka bi sahu. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya sa na tattaro ragowar hotunan, har da na jikin fasfon, ya zuba a murhu da hannunsa.

Bayan rasuwarsa yarana suka matsa sai sun ga kamannin kakansu. Babu inda ya rage sai a kaset ɗin nan, dole na saye shi. Na kunna musu, na kashe sautin gaba ɗaya. Suna cikin kallo, can ƙaramar ta juyo ta ce, "Baba, me Kaka ya yi wa matar nan take kuka?"