Gwaggo Ba Ta Ribas

Duk wanda ya ce mini mata ba su iya tuƙi ba, tambayarsa nake yi ko ya taɓa koyon wani abu yana da shekara hamsin da takwas. Shekarun Gwaggona ke nan, ƙanwar babana, lokacin da ta kama sitiyari, kuma ba don gayu ba.

Mijinta, Baba Direba, shekara talatin ya yi yana jan motar wani kamfani, kuma ba abin da ke tafiya a kan taya da ba shi da ra'ayi a kai. Motar da ke canza giya da kanta, in ji shi, ta ragwaye ce. Mai yawan danna hon bai san inda birki yake ba. Mace a sitiyari fa? Sai ya taɓe baki ya ce Allah dai ya kiyaye hanya. Da ya bar aiki ya sayi wata tsohuwar farar mota, kullum safe yana goge ta.

Kwatsam ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Likita ya ce a riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi sau uku a mako. Watan farko motar haya ake ɗauko masa, direbobi na cicciɓarsa kamar buhu suna cewa ya yi sauri. Ranar da ya dawo ya juya wa bango fuska ya ƙi cin abinci, Gwaggo ta ture keken ɗinkinta gefe ta ce mini, "Gobe ki zo ki koya mini mota."

A filin makaranta na koya mata. Wallahi na sha wuya, sau biyu ina daka mata tsawa, Allah ya yafe mini. Amma ƙafar nan tata! Shekara arba'in tana taka keken ɗinki, kwana uku kacal ta gane kuloci. Abu ɗaya ne ya gagare ta, ribas. Da ta waiwaya sai hagu da dama su cakuɗe mata. Ranar gwaji ta yi shi tana salati, ta karɓi lasisi, daga nan ita da ribas suka yi sallama.

"Ni ko a ɗinki ba na komawa baya," in ji ta. "Yadin nake juyawa."

In ta wuce kwana sai ta zagaya layi uku ta dawo. Masu gadin asibiti har wuri suke tsare mata, inda za ta shiga ta gaba ta fita ta gaba. Wata bakwai ba su yi fashin gashi ko sau ɗaya ba, har Baba ya fara ɗaga ƙafa.

Babban ɗansu, Injiniya, bai taɓa son abin ba. Da ta fasa madubin gefe a ƙofar gida, ya zo ransa a ɓace. "Umma, ba zan zauna ina jiran mugun labari ba. In motar nan ta ƙara ko ƙwarzane ɗaya, zan karɓi makullin in sayar da ita, a koma haya." Tsoro ne ke damunsa, na sani, amma ranar kamar in shaƙe shi.

Wata Laraba ina kujerar baya, muka tarar tifa ta juye yashi a bakin lungunsu, direban ya yi gaba abinsa. Saura minti ashirin lokacin gashi. Hanya ɗaya ta rage, baya, ga lungu dogo, kwata a gefe guda, katanga a ɗaya gefen.

Na ce, "Gwaggo, fito in yi."

"Ranar da ba kya nan fa?"

Ta sa giyar ribas. Baba da ke gefenta ya ɗora hannunsa na hagu, mai lafiyar, a kafaɗarta. In ya ja ta, ta karya sitiyari wajensa, in ya tura ta, ta karya ɗaya gefen. Haka muka yi ta ja da baya a hankali, maƙwabta sun fito suna kallo, kowa na ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Mun kusa fita ke nan muka ji ƙiii! Katanga ta zane motar tun daga bamba har ƙofar baya. Gwaggo ba ta tsaya ba. Mun isa asibiti da sauran minti huɗu.

A hanyar dawowa na ce akwai mai fentin da zai rufe wurin kafin Injiniya ya gani. Ta harare ni ta madubi. "Ban rene shi da ƙarya ba, ba da tsufana zan fara ba." Da kanta ta kira shi.

Da la'asar ya zo, ya zagaya motar, ya shigo falo. Gwaggo ta ajiye makullin a kan tebur, ta koma ta zauna tana kallon hannuwanta. Ban taɓa ganin ta karaya haka ba.

Kafin Injiniya ya miƙa hannu, Baba ya fara jan jiki zuwa bakin kujera. Na yunƙura in taimaka, ya girgiza kai. Ya daɗe kafin yatsunsa su kai, ya jawo makullin, ya saka a cinyar matarsa. Sannan ya dubi ɗansa, bakinsa na kokawa da kalmomin.

"Ita... za ta kai ni."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta damƙe makullin ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da Baba ya faɗi.