Haƙoran Zomona da Wuƙar Kawu

Zomon nawa ne, ba na tukunya ba. Na faɗa wa kowa a gidanmu na unguwar Maamobi wannan magana har bakina ya gaji. Wata maƙwabciya ce ta bar mini shi da za ta koma Kumasi, a shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Fari ne, kunnensa ɗaya ruwan toka.

Mma, mahaifiyata, ta ɗauke shi kamar jika. Da safe ta zuba masa koko, ta jiƙa masa burodi a shayi, da rana ta gutsura masa tuwo. Ciyawa kuwa, ina za ka gan ta a Maamobi in ba a bakin gota ba, inda ruwan datti ke bi? Ya yi ƙiba, kowa na yabo.

Sai ya daina ci. Ya zo ya shinshina kwano, ya juya baya. Haɓarsa kullum sharkaf da miyau, gashin wurin ya cure yana wari. Na danne shi a cinya na ɗaga leɓensa. Haƙoran ƙasa sun zaro waje, na sama sun lanƙwashe ciki kamar ƙugiya, ɗaya har ya soma huda masa baki.

Kawu, ƙanen Mma, mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, ya leƙo ta kafaɗata.

"Wannan ya gama. Miƙo shi tun yana motsi."

"Ka yi masa me?"

"Ke ba ki san abin da ake wa dabba in tana ciwo ba? In ya mutu da kansa mushe ne, sai jefarwa. Nama ne fa, 'yar nan."

"Kawu, je ka yanka albasarka."

Mma ta jefe ni da mafici.

Kawu ba mugu ba ne. Ya ga shekarar yunwa da idonsa, kuma haka ake yi a unguwanninmu na zango: akuya ta kwanta tana haki, kafin a nemi magani an nemi wuƙa, don kada ta tashi a banza. Ni dai ban damu da yadda ake yi ba.

Wata da muka yi makaranta tare ta kwatanta mini asibitin dabbobi can cikin gari. Na sa zomon a kwando na rufe da tsohon zane. Kawu ya ce ba zan shiga trotro, motar haya, ni kaɗai da kaya ba, zai raka ni. Har na yi masa godiya. Muna wuce unguwar Kawukudi ya gyara zama, sai na hangi ƙotar wuƙa a aljihun rigarsa, an naɗe bakinta da jarida. Daga nan har muka sauka ina rungume da kwandon.

Likitar mace ce, 'yar ƙabilar Ga, ba ta jin Hausa, ni ce mai fassara. Ta haska bakin zomon da tocila, ta ce haƙoran gaba masu sauƙi ne. Na can ciki sun yi kaifi suna yanka masa harshe, kuma ba za ta iya goge su ba sai ta yi masa allurar barci. Ta dube ni ta ƙara da cewa zomo ba kare ba ne, wani ba ya farkawa daga wannan allura, balle wanda ya rame haka.

Wannan ban fassara ba. Amma Turancin kasuwa ya ishi Kawu. Na ga ya dafa aljihu.

Ta yi allurar. Zomon ya yi tangaɗi, ya kife a gefe, wuyansa ya saki. Idanunsa a buɗe tarwai, ba ƙiftawa. Ba wanda ya gaya mana haka suke barcin allura.

"Yana tafiya!" in ji Kawu. "Ina gabas a ɗakin nan? Ba ni shi!"

Ya warware jarida. Likitar ta ƙwalla ƙara ta manne da bango, ta ɗauka ɗan fashi muka kawo mata. Ni kuwa na faɗa kan teburin na rufe zomon da ƙirjina.

"Sai ka fara da wuyana!"

"Matsa, mara kunya! Za ki sa ya mutu ba bisimilla!"

Ina kwance a haka na yi wa likitar bayani, Turancina duk ya watse. Ta kalli wuƙar. Sannan ta matso a hankali, ta kama yatsan Kawu na hagu ta ɗora bayan ƙafar zomon ta gaba, ta danna.

Kawu ya tsaya cik.

"Yana bugawa," ya ce. Ya dube ni. "To ki ji. Ba zan ɗauke hannuna ba. In ya soma tsayawa, ba ki da magana."

Haka aka yi aikin. Likita ta tale bakin da wani ƙarfe, ta datse na gaba, ta shiga gogar na ciki da ɗan magagari. Kawu na tsaye, yatsa a ƙirjin zomo, wuƙa a hannun dama. Ban kalli zomon ba ko kaɗan, fuskar Kawu nake kallo. Ƙarar gogar tana shiga mini har cikin haƙorana. Can ya haɗa gira, ya matsar da yatsan, ya sake matsarwa.

"Yana nan," ya ce. Gumi na ɗiga daga gemunsa.

An gama da daɗewa kafin zomon ya harba ƙafar baya. Kawu ya tsugunna ya tsinci jaridarsa ya naɗe wuƙar.

Likitar ta ce haƙoran zomo ba sa daina tsawo, tauna abu mai tauri ke rage su. A bar koko da burodi, a ba shi harawa irin ta raguna. Ta ce ko da haka, baki ya riga ya karkace, za mu dawo.

A gida na shigar da akurkinsa cikin ɗakinmu na kulle ƙofa, don muddin bai ci ba Kawu bai janye maganarsa ba. Sai washegari da la'asar ya ja karan harawa ɗaya, yana tauna shi a karkace.

Da haƙoran suka sake tsawo, na jira Kawu ya tafi kasuwa na ɗauki kwando na fita. Bayan allurar, likitar ta bar ni na ɗora yatsana a ƙirjinsa. Ashe bugun ƙarami ne haka, da sauri kamar rawar sanyi. Ya ɓace mini, ya dawo, ya sake ɓacewa, ni kaɗai, ba wanda zai ce mini yana nan.