Ranar da Umma Ta Lulluɓe Firji

Ranar Asabar, washegarin Babbar Sallar shekarar 2020, wajen ƙarfe ɗaya na rana, ina tsaye a gindin wani dogon bene a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur, takunkumi ya jiƙe sharkaf a fuskata, na kara kunne a jikin wani firji ina jiran in ji gurnaninsa. Shiru. Firjin yana cikin wata 'yar tirela mai taya biyu da muke ja da mota, a cikinsa kuma akwai naman watandar gida biyar, har da na Anti Bilki da ta haihu kwana tara kafin ranar, mijinta yana can Najeriya, an rufe iyaka ya kasa dawowa. Shekarata goma sha uku a lokacin. Abba yana bayana yana fifita da hularsa, Umma tana gefe ta riƙe ƙugu, ni kuwa na riga na ga abin da ya kashe firjin, kuma na san hannun da ya yi aikin. Faɗar ce ta gagare ni.

Mun zo Kuala Lumpur ina da shekara takwas, Abba ya samu gurbin karatun digiri na uku a fannin tarihi. Gidanmu yana hawa na goma sha ɗaya, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda da wanki yake wuni a kanta bai bushe ba. Da korona ta zo aka yi kulle, duniyarmu ta koma iya wannan. Makaranta ta shige cikin wayar Umma, ni da ƙannena biyu muna karɓa-karɓa, malama tana magana da Malayanci Umma tana daka yaji a bayanmu. Da marafan kwalba muke carafke, 'yar gala-gala kuma da alli nake zana ta a farfajiyar ƙofa, in goge kafin mai shara ya hawo. Aikina na kullum shi ne goge duk ledar cefane da ta shigo gidan da ruwan sabulu, har kwalin madara sai na yi masa wanka. Kukar Umma da daddawarta suka fara ja baya a cikin gwangwani, ba mai zuwa daga gida balle a yi saƙo, ta koma sa su a miya da ƙaramin cokali tana tsaki.

Ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa 'yar ƙasar, Mak Cik Rosnah. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, abin da ta fi so a duniya kuma shi ne ta ɗaura tirelarta a bayan mota ta tafi bakin rafi ta kwana biyu a daji. Wannan abu ya ɗaure wa Umma kai. "Mutum da ɗakinsa da gadonsa," in ji ta, "ya kwashi jiki ya kai wa sauro kansa." Amma duk ranar da ta yi waina sai ta aike ni da ita wurin Mak Cik, kwanon kuma ba ya dawowa haka nan. Da aka sassauta kulle, sai Mak Cik ta riƙa sauka da ni wurin ajiye motoci duk safiya, mu buɗe tirelar ta sha iska, mu duba batir, mu goge farantin sola da ke samanta. Ni dama bakina ba ya gajiya da tambaya, ita kuma ta daɗe ba ta samu mai saurarenta ba. Kafin wata guda na san wayar da ta fito daga batir da inda ta shiga, har na fara yi wa ƙannena lacca a kan abin da ba su tambaye ni ba.

Da Sallah ta matso, ɗalibai 'yan gida suka shirya watanda yadda suka saba, a yanka sa a wata gona da ke Hulu Langat a raba kashi goma sha ɗaya. A shekarun baya kowa zuwa yake da iyalinsa, a wuni ana fiɗa ana gardamar siyasa, kowa ya ɗauki kasonsa. A wannan shekarar mai gonar ya ce mutum uku kawai zai bari su shiga. Aka ɗora wa Abba amanar ɗauko naman ya bi gida-gida, daga Cheras zuwa Bukit Bintang, ya ƙare a Titiwangsa wurin Anti Bilki, inda za a sauke Umma ta yi mata wankan yamma ta dafa mata ƙauri. Tun ranar suna Umma ta yi mata alkawarin ƙafafuwan san nan huɗu. Wanda bai zauna a garin ba ba zai gane girman aikin ba. Zafin Kuala Lumpur jiƙaƙƙe ne, ɗanyen nama ba ya shan iska ya ƙame kamar a gida, awa kaɗan ya fara canza launi. Ga shi kuma za mu wuni a hanya.

Mak Cik ce ta ce a ɗauki motarta da tirelar, tunda 'ya'yanta sun hana ta fita saboda ciwon suga. Ta buɗe mana ɗakin ajiyarta, ta nuna firji biyu na tafiya ta ce mu zaɓa. Ɗaya fari ne tas, mara nauyi, da hannu ɗaya ake ɗaukarsa. Ɗayan toka-toka, duk ya goge a gefe, sai mutum biyu sun kama. Idon Umma ya faɗa kan farin, Abba kuma, da duk iliminsa ko ƙwan fitila bai iya canzawa ba, ya gyaɗa kai ya ce ai sabo ya fi. Ni na san sirrin kowanne. Farin ba shi da komai a ciki sai 'yar fanka da wani faranti, iyakarsa ya rage wa zafin waje kaɗan, in gari ya ɗau zafi shi ma ya yi ɗumi, na lemon kwalba ne. Tsohon kuwa kwamfuresa gare shi irin na firjin gida, kome zafin rana sai ya kai sanyin da aka saita masa, kuma ba ya shan batir sosai don hutawa yake in ya kai. Na faɗa wa Abba haka a hankali. Mak Cik ta daki murfin farin ta ce, "Wannan kyau ne kawai, lah," da 'yar kalmar nan da 'yan ƙasar suke rufe magana da ita. Aka ɗauki tsohon.

Tun ranar Sallah da yamma muka kunna shi da wutar gida, muka jera masa gorunan ruwa da suka daskare, don kada ya fara aiki da zafi. Mak Cik ta yi mini bitar dokokinta: kada a kwantar da shi, kada a yawaita buɗewa, kada a zuba nama da ɗuminsa. Ta nuna mini ramukan da ke gefensa ta ce in sa hannu, na ji iska mai zafi tana fita. "Ta nan yake numfashi," in ji ta. "Kome za ki yi, ki bar masa hancinsa."

A gonar komai ya tafi daidai. An yanka da sassafe, aka fiɗe, Umma ta zauna a kan buhu tana kasafta tsoka da ƙashi da kayan ciki, tana hararar duk kason da ya fi ɗan'uwansa. Aka baza naman a inuwa ya huce. Kason gidaje shida na kusa muka zuba a cikin kula mai ƙanƙara a bayan mota, biyar na nesa da ƙafafuwan san na jera su da kaina a firji, na ga lambar awon sanyi da ke jikinsa ta tsaya a kan uku. Daga nan Abba ya kira ni in yi masa tafinta da mai gonar, don Malayancinsa bai wuce gaisuwa da boleh, wato "zai yiwu", ba. Da na dawo na tarar an rufe tirela, Umma tana kujerar gaba tana shafa turare a hannu, fuskarta irin ta wadda ta gama aiki mai kyau.

Umma ta yi shekara shida tana sayar da ƙanƙara da zoɓo a Kano kafin mu taho. A wannan sana'a, da zarar an ɗauke wuta, bargo ake nema a lulluɓe firiza ruf, a ɗora buhu a kai, sanyin ya kwana biyu bai gudu ba. Da wannan dabara ta riƙe kasuwarta, kuma ba ta taɓa ba ta kunya ba. Ashe tun daga gida ta ƙunso babban bargonta mai zanen damisa. Da muka gama gidaje shida na buɗe tirelar, sai na ga firjin an naɗe shi kamar jariri a lokacin sanyi, an ɗaure da tsohon ɗankwali, ba ko rami ɗaya a waje. Na ɗaga gefen da lambar take. Ta hau goma sha huɗu, wani ɗan jan haske yana ƙiftawa, ƙarfen wurin kuma ya yi zafin da ba a iya riƙewa.

Abba ya ce batir ne ya mutu, ya fara neman kantin ƙanƙara a waya. Umma ta ce sanyin ne yake zurarewa, tana shirin cire mayafinta ta ƙara a kai. Ni ce 'yar farin Umma, ko sunana ba ta faɗa, "ke" ce ko "yarinyar nan", tsakaninmu akwai wannan kunyar da ba a ƙetarewa. In tsaya a gaban Abba a bakin titi in ce ita ta yi kuskure, abin ya yi mini nauyi ƙwarai. Tsoro nake ji, ga haushi, har hawaye sun taru mini. Amma na tuna Anti Bilki a ɗaki ita kaɗai da jaririya, uwarta tana Gusau, mijinta yana Zariya, tun safe ta aiko saƙo cewa ta jiƙa kayan yaji. Na durƙusa a kan kwaltar nan mai zafi, na sunkuyar da kai.

"Umma, don Allah ki yi haƙuri. Na gida in an ɗauke wuta ake rufe shi. Wannan da wutarsa, bargon ne ya toshe masa inda zafi yake fita, shi ne ya kashe kansa don kada ya ƙone."

Umma ta dube ni, ta dubi firjin. Abba ya samu abin karantawa a cikin wayarsa. Can Umma ta ce, "To, cire mu gani." Muryarta ba ta yi kama da ta wadda ta yarda ba.

Na kwance ɗankwalin na yaye bargon, na sa Abba ya ja motar zuwa inuwar wata bishiya. Ja da baya da tirela ya ci masa kusan minti biyar, yana juya sitiyari dama tana tafiya hagu, wani mai gadi yana ta nuna masa da hannu. Na kashe firjin gaba ɗaya, na buɗe ƙofofin tirelar duka biyu, na ɗauki murfin kula na shiga yi wa ramukan nan fifita. Ban buɗe murfin naman ba ko sau ɗaya, duk da Umma ta ce a leƙa har sau uku. Minti goma sha biyar na yi ina fifita, hannu ya gaji in canza, zufa tana shiga mini ido. Da ƙarfen ya huce na yi bisimilla na danna. Ya yi shiru kamar yana shawara, sannan ya girgiza ya kama gurnani. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Muka tsaya mu uku a kan lambar nan, goma sha huɗu, goma sha uku, goma sha ɗaya. Abba ya ce alhamdu lillahi da ƙarfin da mai gadin ya waiwayo. Umma ta ninke bargonta gida huɗu ta ɗora a kan murfin kaɗai, ta kalle ni. Na ce nan kam ba laifi, zai ma tare rana.

Sauran tafiyar a sama nake jina. A Bukit Bintang, inda a da ba a samun wurin taka ƙafa, tituna fayau suke, kantuna rabinsu a rufe, jirgin ƙasa na saman gada yana wucewa ba kowa a ciki. A kowane gida ni nake buɗe firji, in zaro leda, in rufe kafin a ƙirga biyar, Abba ya ajiye a bakin ƙofa ya ja baya a gaisa daga nesa. Mun isa Titiwangsa bayan la'asar, lambar tana kan huɗu. Anti Bilki ta buɗe ƙofa da jaririya a kafaɗa, ta rame, idanunta sun faɗa. Umma ta kwance ledar a kicin, ta shinshina tsokar, ta danna ta da yatsa, ta juya ƙafafuwan san ɗaya bayan ɗaya. Naman jawur yake, da sanyinsa. Anti Bilki ta fashe da kuka, ta ce ta ɗauka bana Sallah za ta wuce ta ko romo ba ta kurɓa ba, ta shiga yi wa Umma godiya. Umma tana wanke tukunya, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Yarinyar nan za ki gode wa. Ni da na kusa ruɓar da shi." A gaban mutane ta faɗa, kuma da kunnena na ji.

Yanzu mun dawo Kano, ina jami'a. Da Sallah nama yana shigo mana daga maƙwabta har a rasa mazubi, yara suna ta sallama da kwanuka, ba mai tambayar wa ya ɗauko ko yaya ya iso. Gidajen nan goma sha ɗaya sun watse, wasu Sakkwato, wasu Bauci, wasu ma ban san inda suke ba. Ba na kewar takunkumi ko kulle. Abin da nake kewa shi ne lokacin da muke 'yan kaɗan a garin mutane, kowa ya san wanda bai ci ba, har yarinya 'yar shekara goma sha uku ana iya jingina da ita. A wannan Asabar ɗin na fara sanin cewa ina da amfani.