Asu a akwatin Hajiya

Ban taɓa tsanar wata halitta kamar asu ba. Ga shi ɗan mitsitsi, da ƙyar ya fi ƙwayar shinkafa, launin ƙasa-ƙasa, in ka murje shi ya bar maka gari a yatsa. Ba ya zuwa wurin fitila kamar sauran ƙwari, sai lungu da duhu. Masu gwanjo a babbar kasuwar Grand Marché sun ce har daga Turai yake biyo dila. Ni a gidanmu na unguwar Chagoua na san shi.

Iyayen kakata sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, tafiyar ta tsaya musu a nan. Ita ce ta ƙarasa, da tsufanta. Ta dawo da farin yadi da ta tsoma a zamzam ta shanya a can, ta ce likkafaninta ke nan. Don girmamawa ta naɗe shi cikin jar dardumar ulu, ta kulle a akwatin ƙarfe, ta hana kowa taɓawa. Ashe abinci ta kulle wa asu.

Wata damina Hajiya ta sa ni in buɗe akwatin ya sha iska. Ina ɗaga darduma sai ta rugurguje a hannuna. Wari ya buso, ƙananan asu suka tashi. Ga tsutsotsi farare masu baƙin kai, kowace tana jan 'yar rigar da ta saƙa da zaren da ta ci, ja wur. Sun gama da ulu, sun huda yadin ninki bayan ninki, sun bar kashinsu kamar yashi. Ɗaya ta hau min wuyan hannu. Na yi ihu, na fita tsakar gida ina kakari.

Da na dawo na ce, “Hajiya, kalas, shi ke nan, a ƙone shi. Gobe in yanko miki sabo a kasuwa.”

“Na kasuwa ya sha zamzam? Ko ƙafar komawa kika ga ina da ita?”

Ta sa na ware shi a rana. Haske yana ratsa hujojin har ƙasa. Ta daɗe tana kallo, ta ɗauki tsutsa ɗaya a tafin hannu, ta kawo ta kusa da ido.

“Ke kuwa gaggawar me kike yi? Ai da kin jira na shiga ciki tukuna.”

Sannan ta ce in kawo mata allura da farin zare.