Muryar da ta kai wa Gwaggo labari

Har yau idan aka tambaye ni aikin da nake yi sai na yi jim, don bayaninsa wahala gare shi. Wani ƙaramin kamfani ne ya haɗa wa ƙungiyar masunta da masu noman rani na wajen Tiga na'urar AI, wadda ake faɗa wa buƙata ta aiwatar da kanta. Tana da kayan aiki kala-kala, wani na duba farashin kifi, wani na aika saƙo. Sai dai ba ta ganin kayan nan, ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowanne kawai take karantawa ta yanke lokacin ɗaukarsa. Ni kuma aikina in zauna a ɗakina a Kiru in karanta bayanan nan, in ce wannan ya yi, wannan a sake. Ban daɗe da farawa ba, ban ma iso kan bayanin kayan aika saƙo ba, abin ya faru.

Gwaggona, ƙanwar babana, tana cikin ƙungiyar saboda kifi take soyawa tana kaiwa kasuwar Tudun Wada. Ɗanta ɗaya ne namiji, masunci, kuma shi ke kawo mata kifin. Ga hawan jini da ya daɗe yana damunta. Wata safiya kwalekwalensa ya kife, kafin a ciro shi rai ya yi halinsa.

Kowa a wajenmu ya san yadda ake yi. Ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗanta a hanya, balle a tsakiyar kasuwa. Dattawa suka tashi wani maƙwabci mai babur, mutum mai hankali, suka ce ya je kasuwa ya ce mata jikin yaron ne ya ɗan motsa, ta zo gida. Sai ta shiga ɗaki, mata sun kewaye ta, sannan babana ya faɗa mata da bakinsa. Duk tsoronmu kar ta yanke jiki ta faɗi inda babu nata.

Shi kuma sakataren ƙungiya, cikin ruɗewa, ya ce wa na'urar wane ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar, a sanar da jama'a. A ransa maza yake nufi, masu zuwa sallar gawa. Ina tsaye a zaure wayata ta yi ƙara, na ji murya tana karanto sunan mamacin tiryan-tiryan, har da wurin da za a yi salla. Wayar babana ma ta ɗauka, ta na kusa da shi ma haka. Nan take na tuna lambar Gwaggo tana ciki.

Na kira mai babur, bai ɗauka ba. Na kira Gwaggo, tana shiga ba a ɗagawa. Na buɗe bayanin kayan aika saƙon, na tarar da layi biyu: yana aika saƙon murya ga duk 'yan ƙungiya, a yi amfani da shi ga kowane labarin gaggawa. Abokan aikina sun riga sun ba shi cikakken maki. Abin da ya fi girgiza ni shi ne, da na auna shi da ƙa'idar da aka ba mu, babu inda ya gaza. Gajere ne, a fili yake, ya faɗi abin da yake yi da lokacin yinsa. Wanda bai kamata ya ji ba ne kawai babu wanda ya tambaya.

Nan take na kira shugabanmu na kamfani, na manta da girmansa. Ya ce ai na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da aka rubuta ta bi. Na ce to shi ne bala'in, kuma ko za a kore ni ba zan ƙara sa hannu a bayanin da bai faɗi inda za a dakata a tambayi mutum ba. Daga baya an gyara, amma ran nan gyara bai amfane mu da komai ba.

Mai babur ya ce sun wuce rabin hanya, yana ta kwantar mata da hankali cewa zazzaɓi ne, sai wayar ta yi magana a cikin jakarta. Ya ji ta ƙanƙame masa riga. Bai san abin yi ba, ya ci gaba da cewa da sauƙi, har ta ce masa ya daina wahalar da kansa, ya dai tuƙa a hankali. Ba ta faɗi ba, Allah ya tsare, amma da ta sauka ba ta gane ƙofar gidanta ba, sai da aka riƙo hannunta.

Bayan sadakar uku na shiga gaishe ta, ina ta sunkuyar da kai. Ba ta san aikina ya shafi abin ba. Ta amsa gaisuwa, can ta ɗago.

"Ɗan nan, kai da ka san harkar waya, wanda ya faɗa min ɗan gidan wa ne?"

Na ce ba mutum ba ne, Gwaggo.

"Shi ya sa," in ji ta. "Ina ta ce masa ya tsaya, ban shirya ba, bai tsaya ba."