Masuncin da Kaka Ta Ƙona

A gidanmu na Dingaya, in an gama cin tuwo, Kaka Gambo ba ta bari a kashe murhu. Nan take miƙe ƙafa, mu jikokinta mu kewaye ta. "Mai jin barci ya tashi tun yanzu," in ji ta, sai ta fara.

Akwai tatsuniyar da take yawan maimaitawa. Wata mata ce ta dawo daga ganin gida da damina, ga goyo a baya, ga ɗan shekara huɗu a hannu. Tana tsakiyar rafi ruwa ya kawo. Zanin goyo ya fara kwancewa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaure zani. Yaron yana cewa, "Inna, riƙe ni da kyau." Ta sake shi, ta cafke goyon. A nan Kaka take tura itace cikin wuta. Ko mun yi kuka ba ta ƙara kalma.

Da na shiga sakandare a Birnin Kudu na kamu da son littattafai, har nake shafa sunan marubuci a bangon littafi ina hango nawa. Shekara guda ina cika wani littafin rubutu da labarai. A ciki na saka tatsuniyar Kaka, amma na kawo masunci ya tsamo yaron da rai.

Da hutu na karanta mata a gaban kowa. Ta saurara har ƙarshe.

"Maigida, miƙo in gani." Haka take kirana da wasa.

Ba ta iya karatu ba. Ta juya shafi biyu, ta cusa littafin cikin garwashi. Na kai hannu, ta damƙe mini wuyan hannu har wuta ta cinye littafin.

"Ka taɓa ganin masunci a rafin nan? Kai ne ba ka iya jurewa ba, ka aiko shi. In ba za ka faɗi abu yadda ya faru ba, ga fartanya can."

Yara suka yi ta dariya. Daga ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu har ta rasu.

A zaman makokinta Gwaggo Hansai, ƙanwar babana, ta ji ina ba da labarin cikin ɗaci. Ta dube ni ta ce, "Ashe ba ka sani ba. Goyon nan babanka ne. Sale sunan wanda ruwa ya ci."

Yanzu littattafaina uku a kasuwa. In na karanta marubucin da ya bar ciwo a yadda yake, nakan girmama shi, don na san abin da hakan ke ci. Sai dai sauran labaran da suka ƙone ba su yi mata laifin komai ba, kuma ban sake tuna ko ɗaya ba. Na yafe mata ne a makare, a bakin kabari, inda ba ta buƙatar yafiyata.